Yadda Ake Fara Yoga a Ɗaki da Tabarma Ɗaya

Kalmar yoga daga Sanskirit ta fito, tsohon harshen Indiya, kuma ma'anarta haɗawa: jiki da numfashi da hankali su tafi tare. A can tana da alaƙa da addinin Hindu, shi ya sa wasu mutanenmu ke ɗari-ɗari da ita. Ni dai miƙa da numfashi na ɗauka, na bar musu sauran. A 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata ranar 21 ga Yuni.

Ka shimfiɗa tabarma bayan sallar asuba, kafin karin kumallo. Da hunturu kada ka fita tsakar gida, ƙurar Zariya ba ta wasa da maƙogwaro.

Da numfashi za ka fara, kuma nan ne aikin yake. Zauna ka tanƙwashe ƙafa, bayanka a miƙe. Shaƙi iska ta hanci kana ƙirga huɗu har ciki ya taso, sannan ka sake ta a hankali kana ƙirga shida. Yi sau goma. Jan numfashi a natse yana rage saurin bugun zuciya, jiki ya saki, fargaba ta lafa. Hankalinka zai gudu, ya tafi kuɗin makarantar yara, ya leƙa kasuwar Sabon Gari. Kada ka yi fushi da shi, ka jawo shi ya dawo kan numfashin. Wannan jawowar ita ce horon hankali.

Daga nan ka durƙusa kamar mai rarrafe. In ka shaƙi iska, sauke ciki ƙasa ka ɗaga kai. In ka fitar, ka ɗaga tsakiyar bayanka sama kamar kyanwa ta tashi daga barci. Ɗalibin Samaru da ya kwana kan littafi da telan da ya wuni kan keken ɗinki, bayansu zai gode musu.

Sai ka miƙe tsaye ka sunkuya, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannu na lilo. Ba dole sai ka taɓa ƙasa ba. Jan tsoka daidai ne, amma in ka ji suka, tsaya.

Ƙarshe, kwanta rigingine minti biyar, ido a rufe.

Mai juna biyu, da mai hawan jini ko tsohon ciwon baya, su fara tambayar likita.