Yadda Matashi Zai Shiga Aikin Taswirar Kwamfuta a Fannin Agajin Gaggawa a Legas

Duk wanda ya taɓa buga 112 ko 767 a Legas domin neman agaji ya san cewa tambayar da ta fi wuyar amsawa ita ce inda abin ya faru. Mai kira daga kasuwar Mile 12 ba zai ba da lambar gida ba, sai dai ya ce gobara ta tashi bayan rumfunan 'yan tumatir, daura da masallaci. Dole a sami wanda zai mayar da wannan kwatance ɗigo a kan taswira, ya gano tashar 'yan kwana-kwana mafi kusa, ya kuma nuna hanyar da motarsu za ta bi ba tare da ta maƙale a cunkoso ba. Wannan shi ne aikin mai fasahar taswirar kwamfuta, wadda aka fi sani da GIS, kuma sana'a ce da ɗan Agege ko Idi-Araba zai iya shiga idan ya bi ta hanyar da ta dace.

Ta fuskar karatu, Jami'ar Legas da ke Akoka tana da sashen safiyo da fasahar bayanan ƙasa, haka ma Kwalejin Fasaha ta Yaba. Akwai Makarantar Safiyo ta Tarayya a garin Oyo, sannan wanda ya riga ya yi digiri a labarin ƙasa ko kwamfuta yana iya neman ƙwarewa a AFRIGIST, cibiyar horarwa kan fasahar taswira, da ke harabar Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife. Takarda tana buɗe ƙofa, amma a wajen ɗaukar aiki abin da hannunka ya iya ake dubawa.

Saboda haka kada ka jira sai ka sami gurbin karatu. Ka sauke manhajar zana taswira ta QGIS, wadda kyauta ce, ka fara da unguwarku. Ka zaga da wayarka kana ɗaukar matsayin asibitoci, gidajen mai, shagunan sayar da gas, gadoji da manyan magudanan ruwa, kana rubuta faɗin kowane layi, domin layin da Keke Marwa ke shiga cikin sauƙi ba lallai ne motar kashe gobara ta iya ratsa shi ba. Manhajar KoboToolbox tana taimakawa wajen tattara irin waɗannan bayanai ko da babu intanet. Abin da ka tattara ka ɗora shi a OpenStreetMap, taswirar da kowa ke da damar gyarawa. Ta wannan hanya aka zana Makoko a 2019, unguwar da gidajenta ke kan ruwa, wadda a da kusan babu ita a taswirori. Daga baya ka koyi manhajar taswira ta ArcGIS, wadda ma'aikatu da yawa ke amfani da ita, da ɗan abin da ya samu na Python, yaren rubuta manhajojin kwamfuta.

Akwai kuskure guda da ke kayar da sababbin shiga, kuma ya kamata a tsaya a kansa. Wayar hannu tana ba da matsayi bisa ma'aunin WGS84, wanda GPS ke amfani da shi a duk duniya, alhali tsofaffin taswirorin safiyo na Najeriya an yi su ne bisa ma'aunin Minna. Idan ka haɗa su ba tare da ka daidaita ba, gida zai gusa da mitoci masu yawa, har ya faɗa wancan gefen titi ko ƙetaren magudana. A ofishin filaye wannan gardama ce ta takarda, amma a wajen ceto yana nufin motar asibiti ta tsaya a inda ba a buƙatarta. Ka riƙe cewa Legas tana shiyya ta 31 ta arewa a tsarin UTM, wanda ya raba duniya shiyya-shiyya domin taswira, kuma ka saba da duba ma'aunin kowane fayil kafin ka yi aiki da shi.

Aikin gwaji da zai fi ɗaga darajarka shi ne taswirar ambaliya. Idan aka saki ruwa daga madatsar Oyan, Kogin Ogun yakan cika ya malala zuwa unguwannin Isheri, Kara da Agiliti. Hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-1 kyauta ne, kuma da yake na'urarsa rada ce, gajimaren damina ba ya hana ta ganin ruwa. Ka kwatanta hoton rani da na lokacin ambaliya, ka fitar da unguwannin da ruwa ya ci, ka nuna makarantu da masallatan da ke kan tudu waɗanda za a iya tsugunar da mutane a cikinsu. Shafi ɗaya mai tsabta, wanda shugaban tawagar ceto zai fahimta cikin minti guda, ya fi taswira mai launuka goma.

Da irin wannan aiki a hannu za ka nemi horon sanin makamar aiki ko hidimar ƙasa a LASEMA, hukumar agajin gaggawa ta jihar, ko hukumar kashe gobara, ko NEMA ta tarayya, ko ƙungiyoyin agaji irin su Red Cross. Ka ambaci cewa kana jin Hausa, domin mai kiran da ya firgita yakan koma harshen uwarsa. Ka kuma shirya wa aikin dare da kiran ba-zata, kasancewar lamari irin rushewar bene mai hawa 21 a titin Gerrard da ke Ikoyi, ranar 1 ga Nuwamba 2021, ya sa masu ceto sun kwashe kwanaki suna tono.