Darasi na Tara: Fitar da Hoto Daga Kwamfuta Ba Tare da Ya Lalace Ba

Duk mai haɗa katin biki, takardar gayyatar suna ko allon shago a nan Damagaram ya san wannan damuwar. Aiki ya yi kyau a fuskar kwamfuta, amma da aka kai wurin mai bugawa sai ya fito wani iri: rubutu ya ɓace, ko launi ya dushe, ko hoton ya yi hazo. Sau da yawa kwamfutar lafiyarta ƙalau. Wurin ajiya ne ake yin kuskure.

Uwar aiki da kwafinta

A Photoshop ko GIMP, manhajojin haɗa hoto a kwamfuta, hoton da kuke haɗawa shimfiɗu ne, wata bisa wata, kamar gilasai da aka jera kowanne da nasa zane. Hoton amarya yana shimfiɗa ɗaya, rubutu yana wata, furanni suna wata. Kwamfutocinmu da yawa da Faransanci suke, don haka akwatin da ke nuna shimfiɗun an rubuta masa Calques.

Fayil ɗin da ke riƙe shimfiɗun nan yadda suke, shi ne uwar aiki. A Photoshop sunansa yana ƙarewa da PSD, a GIMP kuma XCF. Su JPEG da PNG ba sa riƙe shimfiɗu. Suna danne komai ya zama guda. Idan kuka ajiye JPEG kaɗai kuka rufe, gobe mai biki ya dawo ya ce an ɗage ranar ɗaurin aure, to sai ku sake aiki tun daga farko. Saboda haka ku fara ajiye uwa, sannan ku fitar da kwafi don bugawa ko aikawa. Kada ku taɓa danna Aplatir l'image, mai danne shimfiɗu su zama guda, a kan uwar sannan ku ajiye.

Wasu sukan rikice su ce JPEG ya ɓace daga jerin. Yana nan. Tun GIMP 2.8, wanda ya fito a 2012, Enregistrer XCF kaɗai yake ajiyewa, sauran kuwa suna ƙarƙashin Fichier, sannan Exporter sous. Photoshop ma ya canza a 2021: idan aikinku yana da shimfiɗu, ku nemi JPEG da PNG a Enregistrer une copie ko a Exportation.

Farin akwati a bayan tambari

A ce wata hajiya mai sayar da alkaki a Birni ta kawo aiki. Tana son tambari mai zagaye da sunanta a tsakiya, za a ɗora shi bisa hoton faranti. Kun goge bayan tambarin tas, har kuna ganin ƙananan gidajen dara, fari da toka-toka. Waɗannan gidajen ba launi ba ne. Suna nuna cewa babu komai a wurin. Kun fitar da JPEG, kun ɗora bisa faranti, sai ga farin akwati ya rufe rabin alkakin.

JPEG bai san wurin da babu komai ba, cike shi yake yi da launi, galibi fari. PNG ne ke barin wurin wayam. Ku koma uwar aiki ku fitar da PNG. Kafin nan ku duba can ƙasan akwatin shimfiɗu. Idan akwai farar shimfiɗa mai suna Arrière-plan, ku danna ɗan idon da ke gefenta ku rufe shi, in ba haka ba PNG ɗin ma da fari zai fito. Idan kuma PNG ya ƙi bayyana a jerin Photoshop, ku buɗe Image, sannan Mode. Wataƙila aikin yana CMJN, tsarin launi na tawadar bugu, shi kuwa PNG da RVB, tsarin launi na fuskar kwamfuta, yake tafiya.

Rubutu ya ɓace ko ya canza

Kowace shimfiɗa tana da ɗan ido a gefenta. Wadda idonta yake rufe ba za ta fito a kwafi ba. Wannan shi ne abu na farko da za ku duba, kuma abin kunya ne a kwana ana zargin kwamfuta a kansa.

Na biyu ya fi shafar mu masu rubutun Hausa. Ba kowane salon rubutu ne ke da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba. Salon nan masu lanƙwasa da ake so a katin aure su ne suka fi rasa su. Sai ku rubuta "ɗaurin aure" ku ga harafin farko ya zama ɗan akwati, ko ya fito da wata siffa dabam da ta ƴan'uwansa. Andika, wanda aka yi shi musamman don masu koyon karatu, yana da haruffan duka. Haka ma Charis SIL da Noto Sans, kuma kyauta ake samun su a intanet.

Ko da rubutu ya fito daidai a wurinku, idan kuka kai PSD wurin mai bugawa kuma kwamfutarsa ba ta da salon, za ta nemi a musanya shi da wani, tsari ya wargaje. Ku kai masa JPEG, PNG ko PDF. In ya nace sai PSD, ku yi kwafi, ku danna Pixelliser a kan shimfiɗar rubutun, ku ba shi kwafin. Bayan haka rubutun ya zama hoto, ba ya gyaruwa, shi ya sa ba a yi wa uwa.

Hazo da fashewa

Hoto ɗige-ɗige ne ƙanana. Abin da za a riƙe a hannu a karanta yana son ɗigo 300 a kowane inci. Takarda A4, mai santimita 21 da 29.7, tana cin ɗigo 2480 da 3508. Ku saita wannan tun lokacin buɗe sabon aiki. Ƙara girman ƙaramin hoto daga baya ba ya dawo da kyan da babu.

Sai kuma WhatsApp. Idan kuka aika aiki a matsayin hoto, matse shi yake yi don ya yi sauƙin tafiya. Ku aika ta Document, zai isa yadda yake. Ku gaya wa masu kawo muku aiki su ma su yi haka, don rabin hotunan anguna masu hazo daga nan suke. JPEG kuma duk lokacin da aka buɗe shi, aka gyara, aka sake ajiyewa, yana ƙara rasa kyau.

Launi kuwa, fuskar kwamfuta haske take bayarwa, takarda tawada take sha. Shuɗi da kore masu ƙyalli ba sa fitowa haka a bugu. Ku tambayi mai bugawa: "Malam, RVB kake so ko CMJN?" Ku buga guda ɗaya ku gani kafin a buga ɗari.

Idan ta ƙi ajiyewa

PSD ba ya wuce ɗigo 30,000 a kowane gefe, kuma ba ya wuce giga 2. Ƙyallen talla mai tsawon mita 3 a kan ɗigo 300 ya haura 35,000, ya ƙetare iyaka. Abin da ake hanga daga bakin titi ba ya buƙatar haka. Ɗigo 100 ya wadatar, aikin ya yi sauƙi. In dole ne ya zama babba, akwai PSB, irin PSD ne amma na manyan ayyuka.

Idan Photoshop ya rubuto cewa disques de travail sun cika, wuri ne ya ƙare a cikin kwamfutar. Ku kwashe tsofaffin bidiyo, ku zubar da Corbeille, kwandon sharar kwamfuta. Kada ku yi aiki kai tsaye a kan kile na USB. Ku ajiye a kwamfuta, sannan ku kwafa. Ku riƙa danna Ctrl da S a kai a kai, musamman a watannin zafi da wuta take yawan ɗaukewa. Fayil ɗin da wuta ta yanke shi ana tsakiyar ajiya yakan ƙi buɗewa, don haka babban aiki ku ajiye shi da suna biyu, kati1 da kati2.

Aikin gwaji

Ku buɗe sabon aiki A4 mai ɗigo 300. Ku zana jan zagaye a sabuwar shimfiɗa, ku rubuta "Alkaki mai daɗi, Kasuwar Dole" a wata. Ku rufe idon Arrière-plan. Ku ajiye uwa, sannan ku fitar da JPEG ɗaya da PNG ɗaya. Ku ɗora kowanne bisa wani hoto, ku nuna wa na kusa da ku bambancin. Daga nan ku aika masa JPEG ɗin sau biyu ta WhatsApp, ɗaya a matsayin hoto, ɗaya ta Document, ku faɗaɗa harafin ɗ a kowanne ku kwatanta.