Darasi na 9: In Gashin Aku Ya Fara Zuba

Wata rana da hunturu, wata dattijuwa cikin ɗaliban ajinmu na Argungu ta zo da abu ƙulle a gefen mayafinta. Da aka tashi, sai ta kwance ta zube a kan tabarma. Gashin tsuntsu ne guda bakwai, shida ruwan toka, ɗaya ja wur.

Ta ce, "Malam, duba mini. Na akun gidanmu ne. Kullum in na yi shara sai in iske gashi ƙarƙashin keji. Maigida ya ce a shafa mai toka da kananzir kamar yadda aka yi ma kaji. Ni kau hankalina bai kwanta ba."

Na ɗauki gashin na duba gindinsa. Na ce, "Inna, kina ganin fatar ƙirjinsa a fili?"

"A'a."

"Yana ci? Yana surutunsa?"

"Surutu kam har ya ishe mu."

"To, ku bar shi, kada a shafa masa komai. Riga yake sauyawa."

Wannan darasi zai koya mana yadda za mu gane abu uku masu kama da juna: canjin gashi, figar kai (wato aku ya fige gashin jikinsa da bakinsa), da cuta. Duka ukun suna sa a ga gashi a ƙasa, amma ba hanya ɗaya ake bi da su ba.

Baƙon da ya zo daga kurmi

Aku mai ruwan toka da jar wutsiya ba ɗan ƙasarmu ba ne. Gidansa kurmi: kudancin Najeriya wajen Kuros Riba, da Kamaru, da Gabon, da Kwango. Can ruwa yake sauka mafi yawan watannin shekara, iska kuma da laima. Mu nan, daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska ce busasshiya mai tsaga leɓe da kaushin ƙafa, sannan Maris da Afrilu zafi ya haura digiri 40. Abin da hunturu ke yi wa fatarmu, shi yake yi wa tasa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Tsirya, koriyar nan mai doguwar wutsiya da ke sauka a gonakin dawa, ita 'yar gida ce, ta fi jure yanayinmu. Amma abin da za mu karanta ya shafe ta ita ma.

Canjin gashi

Gashin tsuntsu in ya gama tsirowa ba ya gyaruwa. In ya tsufa ko ya kakkarye, sai dai sabo ya turo shi ya faɗi. Aku yakan yi haka sau ɗaya ko sau biyu a shekara, kuma a hankali yake yi, ba ya zama tsirara.

Kowane fiffike yana da manyan gashi 10 a bakinsa, wutsiya kuma tana da 12. In babban gashi ya faɗi daga fiffiken dama, ba a daɗe ɗan'uwansa na hagu yake biyo baya. Hikimar ita ce kada tsuntsu ya karkace in ya tashi sama.

Ɗauki gashin da ya faɗi ka duba. Na canji cikakke ne daga sama har ƙasa. Gindinsa busasshe, mai santsi, ba jini, ba alamar tauna. Irin wanda Inna ta kawo ke nan.

Sai ka duba jikin tsuntsun. Za ka ga wasu abubuwa kamar ƙananan tsinke farare sun fito a kansa da wuyansa. Mutane da yawa kan tsorata, su ce tsutsa ce ko ƙaya. Sabon gashi ne yana cikin kubensa. In ya ƙosa kuben zai farfashe kamar ɓawon gyaɗa mai laushi, gashin ya buɗe. A wannan lokaci aku kan yi saurin fushi, surutunsa ya ragu, ya yi ta susa. Ko yaro mai haƙora haka yake. Farin garin da ake gani a jikin keji kamar hoda shi ma ba ciwo ba ne. Daga jikinsa yake fita, da shi yake gyara gashinsa. Rashinsa ma ya fi zama abin damuwa.

Figar kai

Nan ne aikin yake. Aku kan sa baki ya fige gashin jikinsa da kansa, kuma mai ruwan toka yana cikin waɗanda suka fi yin haka.

Alamar mai sauƙi ce: duba kai. Bakin aku ba ya kaiwa kansa. Saboda haka in ka ga kai sumul da gashi, amma ƙirji da cinyoyi da ƙarƙashin fiffike sun zama kamar kazar da aka fige, to shi ne yake yi wa kansa. Gashin da ke ƙasa za ka same shi a tattaune, ko a karye, wani da ɗigon jini a gindi.

Me ke kawo haka? A gidajenmu na fi ganin abu huɗu.

Kaɗaici shi ne babba. A kurmi aku cikin garke yake kwana, da safe ya yi tafiya mai nisa neman abinci. Mu kuwa sai mu sa shi a kejin da ko fiffike ba zai iya miƙewa ba, mu rataye a zaure, ya wuni yana kallon bango. Tsuntsun da zai iya kwaikwayon sallamar maigida da kukan akuya, ba ƙaramin kai gare shi ba. In bai sami abin yi ba, jikinsa zai zama abin wasansa. A matso da shi inda ake hira. A ba shi ɗanyen reshen mangwaro ko totuwar masara ya tattauna. A ɓoye masa ƙwayar gyaɗa cikin takarda ya wahala kafin ya samu. Yara kuma su daina tsokanarsa da kara, wannan ba wasa ba ne a wurinsa.

Na biyu bushewar fata. Ga inda hunturu ya shigo. A ajiye masa ruwa a faffaɗan kwano ya yi wanka, ko a fesa masa ruwa zalla da hantsi, in rana ta ɗaga, don ya bushe kafin sanyin yamma. Ba sabulu, ba man shafawa. Mai yana manne gashi, sai ya ƙara figa don ya rabu da shi.

Na uku hayaƙi: na murhu, na taba, na maganin sauro, har da turaren wuta. Numfashin tsuntsu ya fi namu rauni nesa ba kusa ba. Na huɗu rashin barci. Aku yana son awa 10 zuwa 12 cikin duhu da shiru. Wanda aka ajiye kusa da talabijin da ƙarar janareta har tsakar dare ba zai samu ba.

Kada a yi sakaci da figa. In ya daɗe yana cire gashi a wuri ɗaya, ramin gashin kan mutu, ba zai ƙara tsirowa ba har abada. Tsuntsun da kan rayu shekara 40 ko fiye, ka ga an bar shi da dogon tsiraici.

Wani abu kuma da ba na son tsallakewa: akwai masu tsige jar wutsiyar aku su sayar. Wannan cutarwa ce, da zafi. Yawan kamun akun daji ya sa a shekarar 2016, a wani taron ƙasashen duniya a Afirka ta Kudu, aka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Wanda ke hannunmu amana ne.

Cuta

In har gashin kai ma yana zuba har a ga fata a fili, to ba figa ba ce. Akwai wata cutar baki da gashi da ke kama dangin aku, ta fi kama ƙanana. Sabon gashi kan fito a murɗe ko a tsuke, ya faɗi tun bai ƙosa ba. Farin garin nan ya ɓace, baki ya yi ƙyalli, wani lokaci ya tsage. Tana yaɗuwa ta ƙurar gashi da kashi, kuma har yau ba ta da maganin warkewa. A ware tsuntsun daga sauran, a nemi likitan dabbobi. In abin ya fi ƙarfin asibitin dabbobi na kusa, akwai na koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Ƙwarƙwatar kaji ma takan hau keji in yana kusa da akurki. Wata irin da dare take fitowa ta sha jini, da rana ta ɓuya a tsagar katako. Rufa farin ƙyalle a kan keji da dare, da asuba ka duba ko akwai jajayen ɗigo masu motsi. In akwai, fitar da tsuntsun, wanke kejin da tafasasshen ruwa, shanya a rana. Kananzir da fiya-fiya kuwa, tsuntsun za su kashe kafin ƙwarin.

Abincin mai sabon gashi

Gyaɗa zalla ba abinci ba ce, ko da yake yana sonta. Mai ya yi mata yawa, kuma wadda ta yi fumfuna guba ce ga hanta. A haɗa masa da gero, dawa, masara, da dafaffen wake. A ba shi kayan lambu masu launin ja ko ɗorawa, irin su karas, kabewa, gwanda da mangwaro, sai ganyen zogale da alayyafo wankakke. Ɗan dafaffen ƙwai sau ɗaya ko biyu a mako yana taimakon tsiron gashi, dakakken ɓawonsa kuma yana ƙarfafa ƙashi. In an sami ƙwarar manja daga masu zuwa kudu, wannan abincin gidansu ne. Ya riƙa shan hantsi kaɗan, amma da inuwar da zai koma.

Kada a ba shi fiya, ko cakulan, ko goro, ko shayi, ko abinci mai gishiri. Na san dattawa kan gutsura masa goro don sabo. A daina.

In gashi mai jini ya karye

Sabon babban gashi yana da jini a cikin karansa, za ka gan shi da duhu. In ya karye jini kan yi ta zuba, jinin tsuntsu kuwa ba yawa gare shi ba. Lulluɓe shi da tawul don kada ya cije ka. Barbaɗa garin fulawa ko na masara a wurin, ka danna a hankali na 'yan mintoci. In bai tsaya ba, sai likita. Masu rage wa aku fiffike da almakashi su lura, ba a yanka gashi mai duhun kara.

Aikin yi

1. Karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, ka rubuta kowace sau uku: keji, fiffike, kube, figa, fumfuna.

2. Fiffike biyu, kowane da manyan gashi 10, ga wutsiya da 12. Nawa ke nan duka?

3. Aku yana da gashi a kai, ƙirjinsa ba gashi. Me ke damunsa? Ta yaya ka gane?

4. Ja layi uku a littafinka. A na farko rubuta rana, a na biyu yawan gashin da ka tsinta, a na uku rubuta "cikakke" ko "tattaune". Cika shi kwana 14. Wanda ba shi da aku ya yi da kaza ko tantabara. Ku zo da littafin da gashi biyu a darasi na gaba.