Yadda zaka nemi karatun mastas a fannin tallafa ma al'umma da kasuwancin da ake yi don jama'a

Ran nan bayan la'asar muna zaune a majalisa nan Ƙofar Ƙaura wani ƙanen abokina ya jawo ni gefe, wai shekara 4 ke nan suna da ƙungiya ta matasan unguwa, suna rabon abincin buɗa baki da azumi, suna ɗinka ma marayu kayan sallah, har fanfon tuƙa-tuƙa biyu sun gyara, yanzu yana son ya tafi mastas a wannan harkar amma bai san ta ina zai kama ba. Nace marayu nawa kuka ɗinka mawa bara? Yace ai da yawa Yaya. Nawa kuka tara? Yace Allah dai ya rufa asiri. Nace to malam zauna, tun daga nan zaka faɗi. Abin da na gaya mashi ne zan rubuta a nan ko wani zai amfana.

Mataki na farko, ka san layin da kake so, don sunan ɗaya ne a bakinmu amma karatun ya rabu. Akwai masu karanta yadda ake tafiyar da kyauta da gidauniya, wato yadda wuri irin Gidauniyar Dangote ko ta TY Danjuma ke tara kuɗi, su zaɓi wanda za'a ba, su bi diddigi. A nan jami'ar Indiana ta Amurka ce uwa, makarantar su ta Lilly Family da aka buɗe a 2012 har digiri na uku take yi a kan kyauta zalla, jami'ar Kent ta Ingila ma tana da mastas ɗin kuma ta intanet ake yin shi, sannan jami'ar Wits a Afirka ta Kudu tana da cibiyar CAPSI da ta maida hankali kan yadda mu 'yan Afirka muke kyautar mu. Akwai kuma layin kasuwancin da ake kafawa don magance wata matsala ta jama'a ba don mai shi ya azurta ba, da Turanci social enterprise suke ce mashi, da wannan sunan zaka bincika. Misalin da kowa ke kawowa shine Muhammad Yunus na Bangladesh da bankin Grameen da ya kafa a 1983 yana ba matan ƙauye ƙaramin rance ba jingina, har suka samu kyautar Nobel a 2006. Amma fa ka sani Grameen da kuɗin ruwa yake aiki, in ka ɗauko shi yadda yake ka kawo Daura ko Mai'aduwa tun a masallaci za'a tare ka, kaga ko wannan ma abin bincike ne mai kyau, yaya za'a yi irin shi da ƙardan hasanan ko da adashin da iyayenmu mata suka saba. Masu wannan layin su duba jami'ar LSE a Landan, da Cambridge mai kwas na shekara 2 da ake yi ana aiki, da cibiyar Skoll a Oxford, da cibiyar Bertha a jami'ar Cape Town.

Mataki na biyu shine wanda na fi damuwa da shi, ka maida aikin da kake yi ya zama rubutacce. Mu Katsinawa muna da taimako wallahi, gayya, ciyayya, gudunmawar biki, zakka, wakafi, duk mun gada, abin da bamu da shi shine rubutu, sai mutum yace ai sadaka ce ba'a ƙirgawa kar lada ya zube. Ɓoye sunan wanda ka ba daban, ɓoye lissafi daban, shi amanar kuɗin jama'a dama ai rubuta ta ake. Waɗanda zasu karanta takardar ka basu san ka ba, basu san mai unguwar ku ba, abin da suke gani kawai shine mutum nawa, naira nawa, a wata nawa, me ya canza. Don haka tun yau ka sayi littafi mai kauri, duk abin da ya shigo a rubuta, duk abin da ya fita a ajiye rasit, ku daina tara kuɗin ƙungiya a asusun ma'aji na kansa. In kun yi ƙarfi ku yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin amintattu, ku karɓi takardar SCUML, sashen hana safarar kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, don banki zai tambaye ta kafin ya buɗe maku asusun ƙungiya. Sannan ka koma wurin waɗanda kuka taimaka bayan wata 6, matar da kuka ba jarin ƙuli-ƙuli tana nan tana yi ko jarin ya tafi a maganin yaro? In ya tafi ma rubuta, wlh labarin abin da ya lalace da yadda ka gyara yafi shiga ran masu tantancewa akan hoton ka tsaye kana miƙa buhun shinkafa. Kuma dan Allah a rage ɗaukar fuskar marayu ana watsawa a Facebook.

Mataki na uku takardu. Fasfo, shaidar digiri, ta bautar ƙasa, wasiƙar malamai biyu da suka san ka da gaske, sai transkirif, wato takardar makin duk darussan da ka yi a jami'a, wanda shine ciwon kai, ni nawa sai da na yi wata 5 ina sintiri a wata makaranta ana ce mani mai sa hannu baya nan, to ka nema tun baka buƙata ba. Jarabawar Turanci ta IELTS wasu jami'o'i na nema, wasu jami'o'in Ingila kuma suna karɓar C6 na WAEC, ka duba shafin kwas ɗin da kanka. Mai HND galibi sai ya bi ta PGD, wato difloma ta gaba da digiri, tukuna.

Mataki na huɗu kuɗi, don wannan karatun da aljihun malamin firamare baya yiwuwa. Chevening ta gwamnatin Birtaniya tana biyan mastas na shekara 1 gaba ɗaya, ana buɗewa wajen watan Agusta, tana son awa 2,800 na aiki wato kusan shekara 2, kuma abin daɗin aikin sa-kai ma yana shiga lissafi, kaga amfanin littafin nan ya fito. Zaka zaɓi kwas 3, kuma da sharaɗin ka dawo gida ka yi aƙalla shekara 2. Akwai tallafin Commonwealth, akwai tallafin Gidauniyar Mastercard a jami'o'i irin Edinburgh da Cape Town, Bertha ma tana da nata amma ta fi son wanda ya riga ya kafa wani abu yana tafiya. Duk waɗannan kyauta ake cikewa, duk wanda yace kawo dubu 50 yana da hanya a ciki ɗan damfara ne. Masu iyali ku lura, tun Janairun 2024 Ingila ta hana yawancin masu mastas na aji, wato wanda ba na bincike ba, tafiya da mata da yara, gara a yi wannan maganar a gida tun da wuri.

Mataki na biyar rubutun da zaka gabatar da kanka. Kuskuren da nake ta gani shine mutum ya cika shafi da kuka, Arewa talauci, almajirai, 'yan bindiga, tamowa, duk sun karanta wannan a jarida kuma ba roƙo ka zo ba. Kama matsala ɗaya ƙarama da ka taɓa da hannunka, misali fanfunan unguwa da ake ginawa su lalace cikin shekara saboda ba wanda aka ɗora ma gyara, faɗi abin da kuka gwada, kuka sa kowane gida naira kaza a wata, gida nawa suka biya, ina aka samu rigima, sannan ka nuna wane darasi a cikin kwas ɗin ne zai koya maka abin da ya gagare ka. Ka ba mutum biyu su karanta, ɗaya mai Turanci ɗaya marar kunya da zai ce maka nan ƙarya ka yi.

In fita bata yiwu ba, musamman 'yan uwa mata masu aure ko wanda ke jinyar iyaye, ga Kano nan kusa, BUK tana da cibiyar bankin Musulunci da harkar kuɗi inda mai sha'awar zakka da wakafi zai samu wurin zama. Ko ka shiga mastas na tattalin arziki ko zamantakewa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Dutsin-ma ko Al-Qalam, ka karkata binciken ka kan adashin matan kasuwa ko yadda ake raba zakkar hatsi a ƙauyukan ku, ka je Sakkwato ka ga yadda hukumar zakka da wakafin su ke aiki ka kwatanta.

Shi yaron nan shekaran jiya ya turo mani hoton littafin da suka fara, sun zauna da ma'aji da tela sun ƙirgo na bara, ashe marayu 37 ne, kuma akwai dubu 12 da har yanzu ana neman inda ta shiga.