Barewa da koyoti a bayan gida: inda mazauna karkarar Amurka ke yin kuskure

A watannin Mayu da Yuni barewar Amurka mai farar wutsiya ke haihuwa, kuma a lokacin ne mutane suka fi yi mata ɓarna da sunan tausayi. Mutum zai leƙa bayan gidansa ya tarar da ɗan barewa kwance cikin ciyawa, jikinsa duk ɗigon fari, ya kwantar da kai ƙasa ko motsi ba ya yi. Sai ya ce maraya ne, ya sungume shi. Alhali uwar ce ta ajiye shi. Tana yin nesa da gangan don kada ƙanshinta ya jawo koyoti, wato karen dajin nan mai kama da dila, sai ta dawo sau kaɗan a yini ta shayar da shi. Wannan kwanciyar ita ce garkuwarsa, domin a makonnin farko ƙafarsa ba ta yi ƙwarin tsere wa koyoti ba. A bar shi inda yake, a ɗaure kare, a kuma duba doguwar ciyawa kafin a sa mata injin yanka. Idan ya yini yana kuka, ko ƙudaje sun rufe shi, ko an ga gawar uwar, a kira hukumar kula da namun daji ta jiha. Kada a ba shi madarar shanu, zawo take sa shi.

Zuba wa barewa masara a lokacin hunturu ma cutarwa ce. Cikinta ya saba da tsinke da ɓawon itace, hatsi mai yawa farat ɗaya kan iya kashe ta. Ga shi abincin yana tara su wuri guda, cuta ta yaɗu, koyoti kuma ya gane inda zai yi kwanto. Jihohi da dama sun haramta zuba wa barewa abinci.

Wasu kuma in sun ga koyoti, bindiga suke ɗauka. Ka harbe koyoti guda, ba a daɗewa wani ya gaje masa wurin. Abin da ke aiki shi ne a rufe shara, a daina barin abincin kare da na kyanwa a waje, a shigar da ƙananan dabbobi ciki da daddare. In koyoti ya tunkaro gida, kada ka gudu. Ka miƙe tsaye, ka ɗaga hannuwa, ka daka masa tsawa, ka bubbuga tukunya har sai ya fice gaba ɗaya.