Gajeren hutu a gida yayin tara kuɗin tafiyar jakar goyo: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Akwai wata tafiya da ta shiga ran matasa a 'yan shekarun nan. Mutum ya saɓi jakar goyo, ya sauka Legas, ya tsallaka Seme zuwa Kwatano, ya wuce Lome, ya shiga Gana ta Aflao, ya kwana biyu a Akra, sannan ya haura Kumasi har Salaga, inda fataken goro daga ƙasar Hausa suka daɗe suna yada zango. Ɗan Najeriya ba ya bukatar biza a wannan hanya, domin yarjejeniyar ECOWAS ta ba shi damar zama har kwana 90. Kuɗi ne matsalar, kuma ga mai albashi ko mai ɗan shago, tara su kan ɗauki shekara ko fiye. A tsawon wannan lokaci ba wanda zai kulle kansa a ɗaki. Dole a ɗan sha iska, a leƙa Yankari ko Jos ko Tiga ko Daura. To, a waɗannan ƙananan fita ne ajiyar mutane da yawa take zurarewa, sai watan tafiya ya kama a tarar asusu wayam.

A ganina laifin ba na hutun ba ne, na yadda ake yin sa ne. Gajeren hutu yana da aiki na biyu bayan hutawa, wato ya zama gwajin babbar tafiyar. Kusan duk kurakuran da ke ƙasa daga mance wannan suka taso.

Asusu ɗaya, kuma da naira

Wanda ya zuba kuɗin Gana da kuɗin Yankari wuri ɗaya ya haɗa kura da akuya a ɗaki. Kullum na kusa ne ke cin na nesa, saboda tafiyar Asabar mai zuwa tana da rana, ita kuwa ta baɗi ba ta da ita. Sai ka ce bari in ara dubu talatin, ƙarshen wata na mayar. Ƙarshen wata ya zo da kuɗin haya da bikin ɗan uwa.

Gyaran shi ne a raba tun ranar da albashi ya shigo. Kaso mai tsoka ya tafi wurin da hannu ba ya kaiwa da sauƙi, ɗan ƙarami kuma ya zauna a asusun hutu. In na hutu ya ƙare, hutu ya ƙare sai wani watan. Idan adashi kake yi, roƙi uwar adashi ta ba ka kwasar ƙarshe ko wadda ta zo daf da tafiya. Wanda ya kwashi farko alhali tafiyarsa sai bayan wata goma, da wuya kuɗin su ga wannan watan.

Sai babbar maganar, wadda ta fi duk sauran ciwo. Kuɗin da za ka kashe a Kwatano da Lome sefa ne, a Gana kuma sidi, amma kai da naira kake tarawa. A farkon 2023 ana sayar da dala kusan naira 750 a wurin 'yan canji. Bayan gwamnati ta saki naira a watan Yunin shekarar, zuwa farkon 2024 dala ta haura 1,500. Ma'ana wanda ya ajiye naira 500,000 ya wayi gari rabin darajarta ta tafi, bai taɓa ko sisi ba. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 a kan yuro ɗaya, saboda haka duk lokacin da naira ta faɗi, ɗakin kwana a Lome ya ƙara maka tsada ko da mai masaukin bai ƙara komai ba. Don haka duk wata ka canza wani abu daga ajiyarka zuwa dala ko sefa, ko a asusun dala na banki ko a wurin ɗan canjin da aka sani, irin na Wapa a Kano. Kaɗan-kaɗan nake nufi, ba a tashi ɗaya ba. Waɗanda suka firgita suka juye duk ajiyarsu a watan Fabrairun 2024, lokacin da dala ta yi tashin gwauron zabo, sun ciji yatsa a watan Afrilu da ta sauko sosai. Mai saye wata-wata yakan faɗa tsakiya. Kuma ka lura da irin sefar da aka miƙo maka: ta Kamaru da Chadi daban, ta Benin da Togo da Nijar daban. Darajarsu ɗaya, amma mai shago a Kwatano ba zai karɓi ta Kamaru ba.

Hutun alhaji da aljihun mai jakar goyo

Wannan ne ya fi ba ni mamaki. Mutum yana shirin wata guda na motar haya da ɗakin kwana mai araha, amma da ya tashi zuwa Jos na kwana biyu sai ya ɗauki shatar mota, ya kama otal mai na'urar sanyaya ɗaki a garin da ake neman bargo, ya ci abinci a inda ake kawo lissafi a faranti. Ya yi asara biyu, ya kashe kuɗi kuma bai koyi komai ba.

Yi ƙaramar tafiyar da irin tsarin babbar. Je tasha da sassafe, ka jira mota ta cika, ka ji yadda gwiwa take bayan awa biyar a kujerar baya. Kama masauki mai sauƙin kuɗi, ka koyi duba ɗaki kafin ka biya: ɗaga zanin gado ka leƙa gefen katifa saboda kuɗin cizo, murɗa famfo, gwada sakata, tambayi lokacin da ake kunna janareta. Ka ci a wurin mai shayi da mai ƙosai. Wanda bai iya ciniki da ɗan kamasho a tashar garinsu da harshen uwarsa ba, yaya zai yi da ɗan acaɓan Kwatano da Faransanci?

Jakar ma a gwada ta. Loda mata duk abin da kake tunanin za ka tafi da shi, ka hau Dutsen Dala da ita, ko ka yi yini a duwatsun Shere da ke gefen Jos. Kafin la'asar kafaɗarka za ta faɗa maka abin da za a bari a gida. Yawanci kaya kala uku, takalmi ɗaya da silifas, gidan sauro, tocila, 'yar darduma mai naɗewa da maganin zazzaɓi sun wadatar. Takalmin kuma ya zama wanda ƙafa ta saba da shi, sabon takalmi ba abokin doguwar tafiya ba ne. Ba sai ka sayi kaya sababbi fil daga kanti ba, jaka mai ƙarfi tana samuwa a wurin 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai, sai dai ka duba zif da ɗinkin hannayenta da kyau. Tanti da murhun tafiya da ake gani a bidiyon Turawa kuwa, a wannan hanya ba za ka buɗe su ba ko sau ɗaya.

Kuma ka riƙe ɗan littafi ko ka rubuta a waya, duk abin da ya fita daga aljihu, har ruwan leda. Bayan fita biyu ko uku za ka san ainihin abin da kake ci a rana, ba abin da kake zato ba. Da wannan lissafin ake auna kuɗin babbar tafiya, a ɗora wani abu a kai saboda iyaka da canji da abin da ba a tsammata ba.

Tsaraba

Mutane sukan ce, ai zan sauka gidan gwaggo a Bauchi, ba kuɗin masauki. Gaskiya ne ba ka biya kuɗin ɗaki ba. Amma ka shiga da leda biyu, ka ba yaran gida na alewa, ka bar wa gwaggo na cefane, ka leƙa gidan kawu tunda an ce ka shigo gari, can ma ba a shiga hannu rabbana. Da za ka dawo kuma ga na gida suna jira, ga abokan aiki. Idan aka tattara, sau da yawa ya fi kuɗin masaukin kwana biyu.

Ba ina cewa a yanke zumunci don a je Gana ba, Allah ya sawwaƙe. Abin da nake cewa a daina kiran ziyarar dangi hutu mai araha. Zumunci ne, a ware masa kuɗinsa da sunansa. Tsaraba kuma a yanke mata iyaka tun daga gida, a sayi abu ɗaya mai yawa da za a raba, kamar dankalin Turawa da kayan lambu daga Jos ko kilishi, maimakon kowa da nasa. Ba abin kunya ba ne ka durƙusa ka ce, "Gwaggo, ga ɗan abin da ya samu, a yi haƙuri ba yawa." Amsar da za ka ji ita ce, "Haba ɗan nan, zuwanka ma ya isa. Allah ya yi albarka."

Wani abin da ke tafiya tare da wannan shi ne yawan shela. Da an ji kana tara kuɗin yawon buɗe ido, a kunnen mutane da yawa ka ce kana da kuɗin da ba ka da abin yi da su. Masu neman rance za su yi layi, kuma da wuya ka iya cewa babu. Iyaye da iyali su sani, su sa albarka. Saura sa gani a hoto.

Zuwa a lokacin da bai dace ba

Kowane wuri da lokacinsa, kuma wanda ya kuskure lokaci sai ya biya sau biyu, don zai so ya koma. A Yankari, da damina ciyawa takan yi tsayi, ruwa ya wadata ko'ina, dabbobi su bazu cikin daji mai faɗin sama da murabba'in kilomita 2,000. Sai rani ya yi nisa, wajen Fabrairu zuwa Afrilu, suke taruwa a bakin kogin Gaji. Ruwan Wikki dai, wanda ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa a cikin dajin, yana nan da ɗuminsa na kusan digiri 31 duk shekara, amma idan giwa ka je gani, ka zaɓi wata. Sannan daga ƙofar shiga zuwa sansanin Wikki tafiya ce ta kusan kilomita 40, kuma motar tasha ba ta kai mutum can, don haka ku haɗu ku huɗu ko biyar ku raba kuɗin mota. Kada ka bar abinci a fili, birran sansanin ba su da kunya. Gurara kuwa, inda ruwa ke faɗowa daga kan duwatsu a jihar Neja, akasin haka ne, da damina ruwan ke zubowa da ƙarfinsa, da rani sai ya ragu sosai. Jos da hunturu sai da rigar sanyi ta gaske.

Ranakun jajibirin Sallah da Kirsimeti kuɗin mota kan yi sama, masauki ya yi wuya. In kana Kano ko Katsina ko Zariya, hutun Sallah a gida ya fi, ga hawa a bakin ƙofa, mutane na biyan kuɗin jirgi daga wata duniya don su kalli Hawan Daushe. Haka ma sauran ranaku, akwai fitar da ba ta bukatar kwana: Gidan Makama, marinar Ƙofar Mata, hasumiyar Gobarau, rijiyar Kusugu, zanen dutse na Birnin Kudu, madatsar Tiga. Ka yi sammako, ka dawo ka kwana a gadonka. Irin wannan fitar ce maganin masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, waɗanda suke hana kansu komai wata shida, ran nan gajiya ta kai su maƙura su fasa asusun gaba ɗaya.

Maganar hanya gajeruwa ce. Ba a tafiyar dare don a rage kuɗin masauki. Kafin ka bi hanyar da ba ka sani ba, tambayi direbobin da ke bin ta kullum, ba hotunan shekara biyar da suka wuce ba. Idan suka ce a dakata, a dakata.

Kwanakin hutu da takardu

Ma'aikata sukan manta cewa ba kuɗi kaɗai ake tarawa ba, har da kwanaki. Wanda ya yayyanka hutunsa na shekara, uku nan biyu can, zai tarar yana da kuɗin wata guda da hutun mako ɗaya. Ƙananan fita su tsaya a Asabar da Lahadi, ko inda hutun gwamnati ya jingina da ƙarshen mako, kamar 1 ga Mayu, 12 ga Yuni ko 1 ga Oktoba idan suka faɗo Juma'a ko Litinin. Hutun shekara a bar shi dunƙule, kuma a sanar da shugaban wurin aiki da wuri.

Takardu ne ake bari sai ƙarshe, alhali su ya kamata kuɗin farko su saya. Fasfo mai shafi 32 ya tashi daga naira 35,000 zuwa 50,000 a watan Satumban 2024, bayan shekara guda kuma ya koma 100,000. Wanda ya yi ta cewa sai tafiya ta matso ya biya kusan ninki uku. Ga kuma matsalar suna ko ranar haihuwa da suka saɓa da abin da ke kan NIN, wadda gyaranta kan ci makonni. Idan kana da fasfo, duba ranar ƙarewarsa, ƙasashe da yawa suna son ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Ka sadaukar da fita ɗaya cikin waɗanda ka tsara, kuɗinta da lokacinta su tafi ofishin shige da fice.

Sai katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, wanda ake tambaya a iyakokin wannan hanya. Ana karɓarsa ta ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa. A yi allurar da gaske, kada a sayi kati a hannun ɗan tsakiya, don cutar ba ta duba takarda. Tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta. Wanda ya yi allura ranar Litinin ya isa Seme ranar Alhamis, a ƙa'ida katinsa bai nuna ba tukuna, kuma jami'in da ke bakin iyaka ya san da haka.