Yadda na gyara manhajar kantin da take mutuwa bayan la'asar

Manhajar sayar da kaya ce na rubuta wa wani kantin magani a Gusau, da harshen C# da WinForms, wato kayan gina fuskar manhaja a Windows. Da safe lafiya lau. Bayan la'asar sai ta tsaya cik, ta fito da saƙon "Error creating window handle".

Da farko na zargi RAM, muka ƙara daga 4GB zuwa 8GB, ba abin da ya sauya. Na binciki bairos, babu.

Abin da ya tona asirin shi ne Task Manager, mai nuna abin da kowace manhaja ke ci a Windows. Na shiga Details, na danna dama a kan layin sunayen ginshiƙai, na zaɓi Select columns, na kunna USER objects da GDI objects, wato adadin abubuwan da manhaja ta riƙe a Windows, irin su maɓallai da kayan zane. Duk sanda mai kanti ya nemi wani magani, lambar USER objects sai ta hau, ba ta sake saukowa. Windows kuwa 10,000 take ba kowace manhaja, sai dai in an sauya saitin; in sun ƙare, manhajar ba ta iya ƙirƙirar sabon maɓalli.

Laifin yana inda nake sabunta maɓallan kaya. Controls.Clear() nake kira, shi kuwa cire su kawai yake daga allo, ba ya sakin abin da suka riƙe. Na maye gurbinsa da wannan:

while (panel.Controls.Count > 0) panel.Controls[0].Dispose();

Dispose yana sakin abin da maɓallin ya riƙe, kuma da kansa yake fitar da shi daga panel, wato akwatin da maɓallan ke ciki, shi ya sa madaukin while ɗin ke ƙarewa. Font ɗin da nake ƙirƙira wa kowane maɓalli ma na mayar da shi guda ɗaya, duk suna amfani da shi.

Kwana uku ke nan lambar ba ta wuce ɗari biyu ba. Alhamdu lillahi, na gode wa Alhaji mai kantin da ya yi haƙuri da ni.